Tarin kare: Dalilansa, maganinsa da inda hatsarin yake ga mutanen gida

Da zarar kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗowa da hazo da ƙura, tari kan yawaita a gidajen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ba mutane kaɗai yake kamawa ba. Cikin dare maigida kan ji karen da ke gadin ƙofa ko garke yana wani tari mai kaushi, yana kakari kamar zai yi amai, daga bisani ya zubar da 'yar farar kumfa. Abin da ke fara zuwa zuciyar yawancin mutane shi ne ƙashi ya maƙale masa. Daga nan wani ya aiki yaro kemis, wani ya buɗe bakin karen ya tura hannu, wani kuma ya share batun tunda kare ne.

Duk matakan nan uku suna da hatsari. Tari alama ce ta wani abu da ke damun hanyar numfashi, kuma abubuwan da ke haddasa shi sun bambanta ƙwarai. Akwai wanda hutu da ruwan sha suka ishe shi, akwai wanda ke kashe karen cikin kwanaki, akwai kuma cutar da ke kama da tari wadda za ta iya kashe mai karen ko ɗansa. Aikin farko na mai kare shi ne ya iya bambance su kafin a kai ga batun magani.

Matsayin kare a yankin

A arewacin Zamfara kare ma'aikaci ne. Makiyaya suna riƙe shi don tsaron dabbobi, mafarauta suna fita da shi daji idan an kawar da amfanin gona, manoma kuma suna ajiye shi a gidajen gona. A cikin gari, 'yan kasuwa da ma'aikata da dama suna kiwon kare don gadin gida da rumbun ajiyar kaya, wasu ma suna sayo irin karnukan Turawa masu tsada daga manyan birane. Matsalar tsaro da ta addabi yankin ta ƙara wa haushin kare daraja, domin sau da yawa shi ne ke fara sanar da mutanen gida cewa akwai baƙon motsi.

Malaman fiƙihu sun yi bayanin halaccin riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma sananne ne a hadisi labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wanda ya ɗora wa dabba aiki, haƙƙin ciyar da ita da duba lafiyarta yana wuyansa.

Yadda tari ke tashi

Daga maƙogwaron kare zuwa huhunsa akwai bututun iska wanda cikinsa ke lulluɓe da majina da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani. Aikinsu shi ne kama ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Idan wani abu ya sosa wannan hanya, ko ruwa ya taru a huhu, ko wani abu ya danne bututun daga waje, sai jiki ya tunkuɗo iska da ƙarfi don ya share hanyar. Wannan shi ne tari.

Busasshiyar iskar hunturu tana busar da majinar, ƙura da hayaƙi kuma suna raunana gasun. Shi ya sa cututtukan numfashi suka fi samun ƙofa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Karen da ke kwana a fili cikin sanyin asuba, ko aka ɗaure shi kusa da murhu, ko inda ake ƙona shara da robobi, ko bakin injin janareta, yana iya yin tari ba tare da wata cuta ba. Haka nan sarƙa ko igiyar da ta matse wuya: duk lokacin da karen ya zabura, sai ta danne bututun iska. Irin wannan tari yakan lafa da zarar an sauya masa wurin kwana an sassauta ɗaurin.

Tarin cuɗanya

Mafi yawan tarin da ke kama ƙosasshen kare farat ɗaya shi ne wanda karnuka ke ɗauka daga junansu. Ƙwayoyin cuta da dama ne ke haɗuwa su haddasa shi. Fitacciya daga cikinsu ita ce bakteriyar Bordetella, 'yar uwar wadda ke sa wa yara tarin shiƙa, sai kuma wasu nau'o'in bairos. Ana ɗaukar su ta numfashi da atishawa da shan ruwa a kasko ɗaya.

Ranar fita farauta ita ce babbar kasuwar wannan tari. Karnuka daga ƙauyuka daban-daban kan haɗu, a loda su a mota ɗaya, su sha ruwa a tafki ɗaya. Haka abin yake a bakin kwata da bola, inda karnukan gari ke taruwa neman abinci. Bayan kwana biyu zuwa goma da cuɗanyar sai tarin ya bayyana.

Alamarsa busasshen tari ne mai ƙara, wanda ke zuwa a jere ya ƙare da kakari da farar kumfa. Yakan tsananta idan karen ya yi gudu ko aka taɓa masa maƙogwaro. Abin lura shi ne karen yana cin abincinsa, yana shan ruwa, idonsa garau, yana kaɗa wutsiya. A mafi yawan lokuta yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa uku. Amma ga kwikwiyo da tsohon kare da wanda yunwa ta rama, yana iya gangarawa huhu ya zama namoniya.

Distemfa, ƙyandar karnuka

Cutar da ta fi kashe kwiyakwiyi daga cikin masu farawa da tari ita ce distemfa. Ƙwayarta dangi ɗaya ce da ta ƙyanda a jikin mutane da ta bushiya, annobar shanun da ta sha ƙarar da garkunan Fulani kafin a ayyana kawar da ita daga duniya a shekarar 2011. Ƙarfinta ya kai a shekarar 1994 ta kashe kimanin kashi ɗaya cikin uku na zakunan gandun dajin Serengeti a ƙasar Tanzaniya.

Tana farawa da zazzaɓi da ƙin abinci. Sai kwantsa mai kauri ta cika ido, majina mai kama da mugunya ta toshe hanci, tari ya biyo baya, sannan amai da zawo. Bayan 'yan makonni takan hau ƙwaƙwalwa: tsoka ta riƙa motsi da kanta, muƙamuƙi ya riƙa taunar iska, karen ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ƙafafun baya su shanye. A wasu karnukan tafin ƙafa da fatar hanci kan yi tauri su tsattsage.

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar cuta. Abin da likita ke yi shi ne ƙarin ruwa, tsayar da amai da zawo, da ba da maganin bakteriyar da ke samun kafa bayan jiki ya yi rauni. Da yawa ba sa tashi, wasu kuma sukan tashi da tawaya ta dindindin. Distemfa ba ta kama mutum, amma idan ta hau ƙwaƙwalwa tana kama da haukan kare sosai, don haka taka-tsantsan ɗin ɗaya ne.

Tsutsotsi

Mutane da yawa ba su san tsutsar ciki tana sa tari ba. Kwikwiyo yakan gaji wata doguwar tsutsa mai kama da taliya tun yana cikin uwarsa ko ta nononta. 'Ya'yan tsutsar sukan bi jini su ratsa hanta da huhu, su hauro maƙogwaro, a haɗiye su, sannan su girma a hanji. Wannan ratsawar ce ke sa tari. Kwikwiyo mai tulun ciki da busasshen gashi da rama, wanda kuma yake tari, tsutsa ce abin zargi na farko.

Akwai kuma tsutsar zuciya, wadda sauro ke ɗauka daga jinin wani kare ya sa wa wani. Takan ɗauki kimanin wata shida zuwa bakwai kafin ta girma, tsawonta yana iya kai santimita 30, kuma tana zama ne a jijiyoyin jinin huhu da ɓangaren dama na zuciya. Saboda haka karen da sauro ya cije da damina a fadamun Gulbin Gagare ko na Bunsuru, sai rani ya yi nisa, ko ma bayan shekara, za a fara jin tarinsa. Alamunta tari mai daɗewa, saurin gajiya da rama. Karen farautar da a da yake kamo zomo sai a ga yana tsayawa yana haki. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma maganinta aikin likita ne kaɗai, domin idan tsutsotsin suka mutu lokaci guda suna iya toshe jijiya karen ya faɗi matacce.

Zuciya, huhu da tarin fuka

Idan tsohon kare yana tari mai taushi, musamman da dare ko da asuba, yana saurin gajiya, cikinsa yana kumbura, ana zargin ciwon zuciya. Zuciyar da ta kumbura tana danne hanyar iska, wadda ta gaza kuma tana barin ruwa ya taru a huhu. Ba ya warkewa, amma akwai magungunan rage ruwa da ƙarfafa zuciya da ke sa kare ya ƙara watanni ko shekaru cikin sauƙi.

Namoniya kuwa tarinta jiƙaƙƙe ne, tare da zazzaɓi, saurin numfashi, kwanciya da ƙin abinci. Ba ta jira.

Tarin fuka bai cika kama karnuka ba, amma yana faruwa. Kare yana iya ɗauka daga mai shi idan yana lasar kakinsa, ko daga ɗanyen huhun saniya mai cutar. Wannan ya sa bai dace a riƙa jefa wa karnuka huhu da kayan cikin da ma'aikatan duba nama suka haramta a kwata ba. Haka ma matattun kaji: tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a farkon shekarar 2006, shawarar likitocin dabbobi ita ce a binne su ko a ƙone su. Idan a gida akwai mai tarin da ya wuce mako biyu, ga kuma kare yana tari yana ramewa, mutumin ne ya kamata ya fara zuwa gwaji.

Idan aka ce ƙashi ya maƙale

Gaskiya ne ƙashin kaza ko na kifi, ko ƙarangiya da tsinken ciyawa a daji, suna maƙale wa kare. Yakan faru nan take bayan cin abinci ko dawowa daga daji, karen ya riƙa kai ƙafa baki yana kakari.

Sai dai nan ne babban hatsarin yake. Ciwon haukan kare kala biyu ne. Kowa ya san mai sa kare ya fusata yana cizon duk abin da ya gani. Ɗayan kuwa shiru yake zuwa. Yana shanye tsokar maƙogwaro da muƙamuƙi, sai baki ya saki a buɗe, yawu ya riƙa dalala, haushin ya sauya ya dusashe, karen ya kasa haɗiya yana kakari. Duk wanda ya gan shi zai rantse ƙashi ne. Mai tausayi ya tura hannu don ya ciro, alhali yawun cike yake da ƙwayar cutar, kuma ɗan ƙwarzane ko tsagar kaushi a yatsa ta isa ta shiga jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga karnuka suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Alamunta kan bayyana a jikin mutum bayan wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Idan suka bayyana, kusan babu mai tsira.

Don haka ƙa'idar ɗaya ce: kada kowa ya sa hannu a bakin karen da ke dalalar da yawu ko ya kasa haɗiya. A tsare shi inda ba zai fita ba, a janye yara da sauran dabbobi, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi. Wanda aka ciza, ko aka yakushe, ko yawun ya taɓa masa rauni ko ido, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar don fara allurar rigakafi, kuma ya kammala dukkan allurorin. Idan ana iya tsare karen ba tare da hatsari ba, a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara allura. Idan ya mutu ko aka kashe shi, a sanar da jami'an dabbobi, domin da ƙwaƙwalwarsa ake gwaji a wurare irin su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Abin da za a yi a gida

Idan karen yana da rigakafi, yana ci yana sha, yana numfashi daidai, ana iya kula da shi a gida na 'yan kwanaki. A raba shi da sauran karnuka, a ware masa kaskon ci da na sha, kuma kada a mayar da shi cikinsu sai bayan aƙalla mako biyu da tsayawar tarin. A dakatar da farauta da guje-guje. A sama masa wurin kwana mai kariya daga iska, nesa da hayaƙi, a yayyafa ruwa don kwantar da ƙura. A cire sarƙar wuya, a ɗaure shi ta ƙirji idan ɗaurin ya zama dole. A ba shi abinci mai laushi mara ƙashi da ruwa mai tsabta a kowane lokaci. Ƙaramin cokali na zuma yana sanyaya maƙogwaron babban kare, amma ba a ba kwikwiyo.

Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi. Na farko, a ƙirga numfashinsa yana barci: a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Lafiyayyen kare ba ya wuce 30 a minti ɗaya. Na biyu, a lura da launin harshensa da dasashinsa lokacin da yake haki. Jaja-jaja shi ne lafiya. Fari fat ko shuɗi-shuɗi alamar gaggawa ce.

A nemi likita ba tare da jinkiri ba idan numfashi ya sarƙe, ko akwai jini a kakin, ko karen ya ƙi abinci fiye da kwana ɗaya, ko ido da hanci suna zubar da mugunya, ko ya suma, ko kwikwiyo ne, ko tarin ya wuce mako guda bai ragu ba. Inda yanayin hanya ya hana tafiya, a ɗauki bidiyon tarin da waya a tura wa likitan. Sautin da yanayin numfashin suna gaya masa abubuwa da yawa.

Likita zai auna zafin jiki, wanda a kare yake tsakanin digiri 38 zuwa 39 da 'yan kai, ya saurari huhu da zuciya, ya duba kashi da jini idan akwai buƙata, sannan ya rubuta magani gwargwadon nauyin karen. Abin da ya fi ƙarfin asibitocin dabbobi na Ƙauran Namoda ko Gusau, kamar hoton ƙirji, akan tura shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Abubuwan da ba a ba kare

Garin neman gira akan rasa ido. Ibuprofen da diclofenac da danginsu suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Farasitamol idan ya zarce ƙima yana lalata hanta da jini. Ruwan maganin tari na mutane yakan ƙunshi sinadaran da jikin kare ba ya ɗauka, kuma danne tarin da ke fitar da majina daga huhu ƙara ciwon yake yi. Tafarnuwa da albasa, waɗanda mutane ke sha don mura, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ɗura masa manja ko kananzir ko jiƙo ya fi duka muni, domin idan ya ƙware ruwan ya shiga huhu, namoniya ce mai wuyar magani.

Haka nan allurar shanu da ake saye a kasuwa a tsira wa kare da ƙiyasi. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairos, kuma shan su ba bisa ƙa'ida ba, ko yanke su kafin kwanakin su cika, shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. A sayi abin da likita ya rubuta, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Rigakafi

Akwai allura guda da ke kare kwikwiyo daga distemfa da wasu manyan cututtuka. Ana fara ta yana da mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku zuwa huɗu har ya kai kimanin mako 16, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Ta haukan kare ana yin ta yana da wata uku, a maimaita duk shekara. Allurar da ta yini a zafi ta mutu, don haka a tabbatar daga cikin sanyi aka ciro ta, a kuma karɓi katin shaida. Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo yana da mako biyu, a maimaita duk mako biyu har wata uku, babban kare kuma duk bayan wata uku. Sabon karen da aka sayo a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, haukan kare yana daina yaɗuwa a cikinsu, kuma a kan wannan aka gina burin hukumomin lafiya na duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cutar nan da shekarar 2030. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokacin da hukumomin dabbobi a jihohi da dama kan shirya gangamin allura. Masu unguwanni da shugabannin mafarauta da na makiyaya a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su ne suka san inda karnukan suke, kuma lokacin ya zo daidai, domin ana yin allurar ne makonni kaɗan kafin hunturu ya shigo, karnuka su fara haɗuwa a dajin farauta.